Fuskar da Ta Gagari Mai Fenti

A da, duk wanda ya yi aski a layin nan, a ƙarƙashin aikin Mai Fenti ya zauna, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya zana kawunan nan shida na allon mai aski, kowanne da irin nasa gyaran gashin, duk sun juya gefe suna kallon hagu. Shi ya zana kifin ƙofar mai kifi, wanda yara suka rantse murmushi yake yi. Shi ya zana ƙaton haƙorin nan mai saiwa uku na wurin mai cire haƙori, wanda mutanen da ya kora sun fi waɗanda ya jawo yawa. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan sana'a, tun yana riƙe wa maigidansa tsani har ya zama shi ake riƙe wa.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da wandon aiki ƙwaya ɗaya tal, wanda cinyarsa ta dama ta yi tauri saboda gogar buroshi. Matarsa ta ce ranar da ya cire wandon nan ya ajiye, da ƙafarsa zai tsaya, ƙila ma ya riga shi zuwa shago. Yana da halaye biyu da duk layin ya haddace. Na farko, in ya ja layi biyu ko uku sai ya ja da baya taku bakwai, ya rufe ido ɗaya, ya karkace baki, ya ce, "Uhm." Abin da ke bayansa kuwa ba ruwansa. Ya taɓa taka kaza, ya taɓa faɗawa kwata, ya taɓa zama daram a kan tiren mai sayar da lemo. Na biyu, da ya gama aiki, buroshi sai kwalbar kananzir. Ko gobara ake yi, sai ya wanke buroshi sannan ya gudu.

Shago ɗaya suke da matarsa, wadda layin ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta. Ita ce a bakin ƙofa, shi kuma yana can ciki da gwangwanaye da katakansa. A tsakiyar ɗakin akwai jan layi a ƙasa, shi ya ja shi da hannunsa bisa umarninta, tun ranar da ɗigon shuɗi ya sauka a kan farar rigar wata malamar asibiti. Fenti ba ya tsallake layin nan. Zare kuwa yana tsallakewa yadda ya ga dama, don a cewarta ba a taɓa jin zare ya ɓata wa kowa aiki ba.

Ana nan sai Allah ya kawo Mai Inji. Wani matashi ne ya kama shagon da ke kallon nasu, ya girke injin da ya kusa cika ɗaki, wanda ke tofo hoto a kan leda mai sheƙi, tsawon mutum biyu, kafin shayinka ya huce. Ga shi da ladabi, kuma ladabin ne ya fi ƙona wa Mai Fenti rai, domin mutumin da ke durƙusawa ya gaishe ka kullum da safe ba ka da inda za ka kama shi da faɗa. Mai aski ya fara sauke kawunansa shida, ya ɗora hoton wasu samari da ba a taɓa gani a layin ba. Mai kifi ya bi. Mai cire haƙori ma ya bi, kuma abin haushi, mutane suka ƙaru masa. Mai Fenti bai rasa abin yi ba, ana kiransa lambar gida, da bayan babbar mota, da bangon makarantar yara. Amma cikin shekara uku allon hannu ɗaya ya rage a layin kaf, shi ne nasu na saman ƙofa, mai hoton almakashi da buroshi. Kullum da safe sai ya tsaya ya dube shi kafin ya buɗe kwaɗo.

To akwai abu ɗaya da ya gagari mutumin nan, kuma duk gidan sun sani. Bai iya fuskar mace ba, sai guda ɗaya. Maigidansa ne ya koya masa ita, shi kuma maigidan daga kwalin wani sabulu ya kwafo ta: fuska zagayayya, manyan idanu, gashin ido zara-zara, ɗan ƙaramin baki. Duk shagon kitso da ya taɓa yi wa allo, matar sabulu ce a kai, ɗankwali kawai yake canza mata. Sau uku ya gwada zana matarsa. Na farko shekarar da suka yi aure, ta yi dariya har da riƙe ciki. Na biyu bayan haihuwar autarsu, ta sake dariya, ta ce ko a gaishe da baƙuwar. Na uku ba ta yi dariya ba, ta duba kawai ta koma kan kekenta, kuma wannan ya fi masa ciwo. Wata mai kitso ce ta zo ta ga allon a jingine, ta ce daidai abin da take nema, ta tafi da shi.

Wata ranar Talata Mai Inji ya kawo wando a rage masa tsawo. Yana jira ya ɗaga kai ya dubi allon, wanda rana ta cinye har ba a bambance almakashi da buroshi. Ya ce, cikin ladabin nan nasa mai sa hawan jini, "Mama, in kina so, hotonki na waya kawai za ki ba ni. Ke da keken, minti ashirin an gama. Ai ku iyaye ne."

Mai Fenti yana ciki yana ji. Ya yi tari, ba wanda ya kula shi.

Da baƙon ya fita, Mai Keke ba ta ko tsayar da ƙafa ba ta ce, "Malam, ka ji."

"Ban ji ba."

"To ni na ji. Ƙarshen wata. Ko ka zana ni a sabon allo, ni ɗin nan, ba matar sabulu ba, ko in tsallaka titi."

"Haba Maman Auta! Leda? A ƙofata?"

"Ƙofarmu dai. Shekara talatin da huɗu ina jira. Ka zana kifi ya fito kifi, ka zana haƙori ya fito haƙori. Ni ce ban kai haƙori ba?"

Ya san halinta sarai, in ta ce ƙarshen wata to ƙarshen wata ne, ba ta ƙara wa ko mai amsar ɗinki kwana, balle miji. Kuma ya san in ledar nan ta hau saman ƙofa, shi ke nan, layin da ya yi wa ado shekara arba'in ba sauran hannunsa a kai. Ranar ko abincin rana bai iya gamawa ba.

A cikin 'ya'yansu Auta ce ta gado hannun. Ita ba ta taɓa ɓata riga da fenti ba. Tana aiki a wani ɗakin zane a hawa na uku can cikin gari, inda ake ƙera mutane da dodanni da dazuzzuka na wasannin waya. In an tambayi Mai Fenti aikinta sai ya ce, "Zane take yi, amma irin wanda in an ɗauke wuta babu shi." Da labari ya kai mata, ran Asabar sai ga ta da jaka. Ta ciro wani ƙaton tabarau mai madauri, wanda ke rufe rabin fuska ruf, da wasu 'yan sanduna biyu masu maɓallai, da kwamfutarta.

"Baba, ni na san matsalarka," in ji ta. "Ido ne ya yi maka yawa. Kana zane Mama na leƙe, mai aski na leƙe, duk wanda ya wuce sai ya tofa. A cikin wannan ba mai ganin abin da kake yi. Ka gwada sau ɗari in ka so. In fuskar ta fito, sai ka kwafe ta a katako."

Ya juya abin a hannu, ya shinshina. "Wannan ai takunkumi ne."

"Saka dai."

Ta ɗaura masa. Da farko duhu, sai fili ya buɗe fari fat, ba bango, ba gwangwani, ba jan layi, ba kowa. Mai Fenti ya ƙwalla ihu, "Auta! An kwashe shagon!" Ya miƙa hannu ya damƙo abin da ya samu, ashe kunnenta ne. Da ƙyar ta ƙwace, ta danƙa masa sandunan, ta ce ya matsa nan ya ja. Ya matsa ya ja. Wani jan layi ya fito ya tsaya a iska daidai hancinsa, ba katako, ba ƙusa, ba abin da ya riƙe shi. Ya tara tafin hannu a ƙasa yana jiran ɗigo.

"Bai zubo ba."

"Ba ya zubowa, Baba."

"Yaushe zai bushe?"

"Ya bushe."

"Ƙarya kike." Ya matsa kusa ya hura masa iska.

Daga waje kuwa abin da layin ya gani shi ne dattijo da takunkumi a fuska yana marin iska, yana hura ta, yana mata magana. Mai aski ya tsallako da injin aski a hannu, ya bar mutum da rabin kai. Ya ce, "Mai Keke, lafiya? Sauro ne, ko a nemo mota?"

"Aiki yake," in ji ta. "Ni yake zanawa."

"A ina?"

"A iska."

Mai aski ya jinjina kai. "To, Allah ya ba shi lafiya."

Ba a yi minti goma ba hali ya motsa. Mai Fenti ya ja layi uku, ya fara ja da baya. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar ya tsallake jan layi, abin da bai taɓa yi da kayan aiki a hannu ba. A na bakwai ya ci karo da benci, ya zauna da dukan nauyinsa a kan ɗan filon da matarsa take soke allurai. Ihun da ya yi har Mai Inji ya fito da gudu yana tambayar ko Baba na bukatar taimako. Daga ranar Auta ta ɗaure shi a ƙugu da ragowar yadi, ɗaya bakin a ƙarfen taga, tsawon taku huɗu. Ya ce taku huɗu ba ya isa mutum ya ga gaskiyar aiki. Ta nuna masa yadda zai matse zanen da hannu biyu ya ƙanƙance, ba sai ya motsa ba. Ya ce wannan ha'inci ne, amma ya riƙa yi in yana zaton ba ta lura.

Da yammar ranar farko aka yi babbar ɓarna. Ya cire takunkumi, ya goge sandar dama a cinyar wando kamar kullum, ya juya, tsulum, ya tsoma ta a kwalbar kananzir. Auta ta yi tsalle ɗaya ta tsallake jan layi ta tsamo ta. "Baba! Me ta yi maka?"

"An yi aiki da ita, ba za a wanke ba? Gobe ta ƙafe ki ce ni ne."

Ta zare batir, ta shanya sandar kwana biyu a kan taga, tana addu'a. Sandar ta tashi, amma warin bai taɓa barinta ba. Har yau abokan aikin Auta in sun ɗauka sai su tambayi wa ya zo da fitila.

Tun daga nan kullum in ta tashi aiki sai ta biyo da jakar. Kuma a faɗi gaskiya, hannu hannu ne. Cikin kwana huɗu Mai Fenti ya gane launukan iska, ya gane buroshi mai kauri da siriri, har ya zana kifi don gwaji, ya kira Auta ta duba a kwamfuta ta ga yana murmushi. Abin da ya ƙi shi ne maɓallin da ke goge kuskure. Ya ce mai fentin kirki ba ya gogewa, rufewa yake yi. To a katako in ka rufe, fenti ya hau fenti, shi ke nan. A iska kuwa kowane rufi gaba yake ƙara turowa, har kan Mai Keke na cikin zanen ya kumbura ya kai girman kabad, hancin yana neman fita ta ƙofa. Sai da ya rasa inda zai tsaya sannan ya yarda ya danna.

Da ya ɗanɗana kuwa sai abin ya zame masa ciwo. Ya ja ido, ya goge. Ya ja baki, ya goge. A katako fenti na ƙarewa, rana na faɗuwa, dole mutum ya ce ya gama. A nan ba abin da ke ƙarewa sai kwanakin wata. A zanen ya zaunar da matarsa a kan kujera, ya zana keken a gabanta har da tsatsar jikin feda, ya zana hannayenta a kan yadi, duk suka fito. Amma da ya zo fuska sai hannun ya bi tsohuwar hanyarsa, ya zagaye, ya buɗe idanu, ya tsuke baki. Ya ɗaga takunkumi ya leƙa ta can bakin ƙofa, ya mayar, ya sake ja. Matar sabulu ta sake fitowa tana kallonsa.

A mako na uku ya bar Auta ta duba. Ta daɗe a kan kwamfutar, sannan ta ce, "Baba, zaga bayanta."

"In yi me?"

"Zaga dai ka gani."

Ya zaga iyakar inda yadin ƙugunsa ya bar shi. Wayam. Matar zanen, gaba kawai gare ta, bayan rami ne, kamar an fafe ƙwarya. Ta ciki ma yana hango bayan idanunta.

"To mene ne?" in ji shi. "Wa ke zana baya? Bayan allo ai bango ne. Shekara arba'in ban taɓa ganin wanda ya hau tsani ya leƙa bayan kifi ba."

"A nan ana zagawa, Baba. Ba za ka bar Mama da rami ba. Ƙila ma in kan ya cika, fuskar ta zauna."

Ya yi ta mita, ya ce aikin banza ne, kwana tara ya rage ana sa shi zana abin da ba zai hau katako ba. Amma ya fara, don a rabu da shi. Yana yi yana 'yar waƙarsa ta hanci, bai ɗaga takunkumi ko sau ɗaya ba, bai danna maɓallin gogewa ba, bai ma ja da baya ba. Kafin a rufe shago ya gama, ya ce, "Ga shi nan, an toshe," ya koma wa fuska. Auta ta ƙura wa kwamfuta ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ɗauka gajiya ce.

Kwana taran suka wuce kamar an kore su. Ranar ƙarshen wata da la'asar ya cire takunkumi, ya kwance yadin ƙugu, ya zauna a kan gwangwani. Gumi ya yi masa zobe a fuska. Kunya yake ji, da baƙin ciki, kuma bai ɓoye ba.

"Maman Auta," in ji shi, "tsallaka. Fuskar ta gagare ni. Ki ce wa Mai Inji dai ya yi harafin da kauri, don na nesa."

Ta tsayar da keke. "Af. Wata guda kana marin iska a kaina, allurata huɗu sun lanƙwashe, sannan in tafi ban ga komai ba? Auta, sa min abin nan."

"Kar ki gani. Matar sabulun ce dai."

"Ai mun saba, in gaishe ta."

Ta tsallako jan layi tana tattare zani kar ya taɓa gwangwani. Auta ta ɗaura mata tabarau a kan ɗankwali, ta kama kafaɗunta, ta yi ta juya ta, ta kai ta wani wuri daban da inda uban ke tsayawa, sannan ta sake ta. Mai Keke ta fara da abin da kowa ke farawa, ta ce wayyo ina ƙasa, ta ce a riƙe ta. Sai kuma ta ƙura ido.

Bayan wata mata ne a gabanta, zaune a kan keke. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Ɗaurin ɗankwalin ya karkata, an cusa jela ɗaya an bar ɗaya. Tef ɗin awo a wuya, an wurga bakinsa baya kar ya shiga allura. Fil uku a soke a kafaɗar riga. Wuyan ya miƙa gaba, wani ɗan kitso ya kuɓuce ta ƙeya, dunduniyar dama ta ɗaga daga silifa tana shirin taka feda.

Mai Keke ta miƙa hannu a hankali. Muryarta ta sauya, ta koma ƙarama. Ta ce, "Inna."

Mai Fenti ya dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai.

"Malam, ina ka samo Innata? Kai da ba ka taɓa ganinta a kan keke ba. Haka take zama. Wallahi haka take zama. Ina bayanta a ƙasa ina tsince mata ƙyallaye, abin da nake gani ke nan tun safe har yamma." Tana maganar hawaye na bin ƙasan tabarau.

"Mama," in ji Auta, "dubi bayan kunnen dama."

Ta matsa ta duba. Wani ɗan tabo ne, na ranar da dutsen guga ya faɗo daga kanta, shekara ashirin da suka wuce. Ta kai hannu bayan nata kunnen ta shafa. Ta daɗe a haka.

"Ni ce," in ji ta. "Ashe haka na koma."

"Toshe rami kawai na yi," in ji Mai Fenti.

Ta lallaba ta zaga gaba, tana taka ƙasa da ɗan yatsa. Tana isa ta yi ido biyu da matar sabulu, ta tsaya, ta riƙe ƙugu, sai dariya ta ƙwace mata, ga hawaye ga dariya har da tari. "Sannu baiwar Allah! Har nan kika biyo ni? Ke dai ba ki tsufa." Ta sake zagawa baya, ta sake dawowa gaba, sau biyu. Sannan ta ce a cire mata.

Ta tsaya a wurin da yake tsayawa kullum, tsakanin gwangwanaye, tana goge ido da bakin zani. Daga nan ta dubi bakin ƙofa. Ga kekenta can, ga kujerarta, duk sun ba ta baya suna kallon titi. Ba ta taɓa tsayawa a nan ta duba ba.

"Malam, shekara nawa muna shagon nan?"

"Talatin da ɗaya."

"Kullum daga nan kake kallona?"

"To daga ina zan kalle ki? Ke kika ce haske na bakin ƙofa, kuma kar in tsallake."

"A gida fa?"

"A gida kina wurin murhu, ko kina guga, ko kin sa yara gaba." Ya sosa ƙeya. "In kin juyo kuma faɗa ne, mutum bai samun ya duba da kyau."

Auta ta toshe baki. Mai Keke ta harare ta, sannan ta naɗe hannun riga. "Zo ka kama min."

"Me?"

"Keken. Ajiye wannan sandar mai wari ka zo."

Suka kama, shi gefe ita gefe, ƙarfen yana kuka a kan siminti, suka juya shi ya ba titi baya. Mai aski ya leƙo yana tambayar ko tashi za su yi daga layin. Mai Inji ma ya tsallako da ladabinsa, ya ce ko yau ne za a kawo hoton. Ta ce masa ba yau ba, ba gobe ba, ya gaishe da injin. Sannan ta ce wa mijinta ya ɗauko katako da buroshi na gaske, ita ba za a rataye ta a iska ba.

"Duhu zai yi miki wajen sa zare," in ji shi.

"Auta ta sayo ƙwan fitila. Na ƙara maka wata guda, kuma kar ka saba."

Ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ɗora hannu a kan keke, ta ɗaga fuska. "To, ga ni. Duba."

Ya jingina katakon, ya ɗauki buroshi, ya ɗaga ido. Sai ga dattijo mai jikoki ya kasa, ya mayar da ido kan gwangwani. Ita ma ta kau da kai tana gyara zaren da ba abin da ya same shi. Auta ta tattara jakarta ta ce za ta je sayen ƙwan fitilar, ta fice tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya sake ɗagowa, wannan karon ya tsaya. Fuskar doguwa ce ashe, ba zagayayya ba. Idon hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, saboda shekarun tsuke shi wajen sa zare. Layi biyu sun sauko daga hanci zuwa gefen baki. Ya duba, ya duba, bai ja da baya ba, sai ma ya matso har yatsun ƙafarsa suka taɓa jan layi.

"Maman Auta."

"Na'am."

"Yaushe kika yi furfura a gira?"

"Shekara bakwai ke nan, Malam."

Sannan ya sunkuya, ya jawo gwangwanin farin fenti, ya buɗe shi da bakin almakashinta, ba ta kuwa hana shi ba.